Malam Mahmudu, Mai Soya Ƙasa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 15 ga Yuli, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Mahmudu Riko, tsohon malamin gona, a gidansa da ke Jibiya bayan gajeriyar jinya.

Malam, ka tafi ana tsakiyar magana. Bana ma gyaɗa ta tsumbure a gonakin Mazanya, fili-fili, manoma suka ɗora laifin a kan Ɗantala, mai sayo musu iri daga Maraɗi. Aka ce ya cuci jama'a. Ciniki ya tsaya masa, har gaisuwarsa wasu suka daina amsawa.

Kai kaɗai ka ƙi. Na ji ka a tasha kana cewa, "Wanga ciwo ba ga iri yake ba, ga ƙasa yake." Ka ce akwai wata fumfuna da ido ba ya gani, tana kwance cikin ƙasa shekara da shekaru da ƙwayar cutar a cikinta. Ruwa na sauka sai ta farka, ta shiga saiwar gyaɗa ta sauke kayanta. Shi ya sa wuraren bara ne ke sake lalacewa, garmar aro kuma na kwasar ƙasar zuwa gonar maƙwabci. Mutane suka ce boko ne.

Ba ka iya barin gardama, Allah ya sani. Ka ɗebo ƙasar inda gyaɗar ta lalace, ka raba biyu, ka sa matarka Luba ta soya rabi a kasko don wuta ta kashe fumfunar. Unguwa ta sha dariya, ana tambaya ko da yaji za a ci. Ka zuba kowace a tukunyarta, ka shuka irin Ɗantala a duka biyun. Gyaɗar na tsirowa ciwo ya kwantar da kai.

Luba tana takaba, amma ba ta fasa yi wa tukwanen ban-ruwa ba. Jiya ta sa aka fito da su zaure. Gyaɗar soyayyar ƙasa ta yi kore shar, ɗayar ta dunƙule. Manoman Mazanya da suka zo gaisuwa suka duba, sannan babbansu ya miƙa wa Ɗantala hannu. Ɗantala ya fashe da kuka. Abin da ke cin raina, Malam, ba ka gani ba, kuma babu wanda ya samu ya ce maka ka yi gaskiya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya wanke ka kamar yadda ka wanke bawansa. Luba, yara da mutanen Riko, Allah ya ba mu haƙuri.

Uwaisu Abbas, Jibiya