Ranar da Jijiyar Gwiwar Yaya Ta Tsinke

Shekara tara yayata ta yi tana shan kortizon. Likita a Sinja ya ce jikinta ne ke yaƙi da kansa, shi ya sa gaɓoɓinta ke kumbura. Ni ke shiga mota daga Mai Wurno in karɓo mata ƙwayoyin. Fuskarta ta yi faɗi, amma ta samu sauƙi har ta koma hawasharmu, gonarmu ta ban ruwa, tana cire ciyawa.

Wata rana da hantsi muna dawowa daga gona, muka zo wata 'yar hanyar ruwa wadda ko tsohuwa tsallake ta take yi. Ta ɗaga ƙafa ta dira, sai na ji ɗas, kamar igiyar guga ta tsinke. Ta zauna cikin laka.

Na ce, "Yaya, tashi mana."

Ta ce, "Ƙafar ta ƙi miƙewa. Zo ki gani."

Ƙoƙon gwiwarta ya haura sama, ƙarƙashinsa ya lotsa.

A asibiti likita ya ce jijiyar da ke riƙe ƙoƙon ce ta tsinke. Na ce ai ko faɗuwa ba ta yi ba. Ya ce ciwon da daɗewar shan maganin su suka cinye jijiyar a hankali. Aka ɗinke, aka sa mata jibis, filastar ɗori, daga cinya har idon sawu. Ya ja mana kunne kada ta bar maganin lokaci ɗaya.

Bayan mun koma gida, wata rana ina kakkaɓe mata shimfiɗar angarib, gadonta na igiya, sai ƙwayoyi suka zubo daga ƙarƙashin tabarma. Maganin kwana biyar ne da ba ta sha ba.

"Yaya, mi ya sa?"

"Ya ci mini ƙafa guda. In ba shi ɗayar?"

Na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Ta juya wa bango fuska. Washegari amai ya kama ta, jikinta ya saki, ko kai ba ta iya ɗagawa. Muka sake kwasarta sai Sinja.

Ta tashi. Likita ya rage mata maganin kaɗan-kaɗan, amma ya ce rabuwa da shi ba yanzu ba. Da sanda take tafiya, mijinta shi kaɗai ke zuwa gona. Tana zaune a inuwa tana yanka kuɓewa, in za ta miƙe sai ta dafa gwiwar mai lafiya ta daɗe tana jira. Ban ba ta haƙuri kan tsawar ba, ita ma ba ta tayar da zancen ba.