Gurbin Sunan Mahaifiya

Ni mutum ce mai mantuwa. Shekarar da aka yi mini aure ma sai ƙanwata ta tuna mini. Amma safiyar Asabar ɗin da na zauna gaban kwamitin tallafin karatu saboda 'yata ta fari, wannan kam tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a binne ni.

Bari in fara da yadda muka tashi, don wanda ba ɗan nan ba ya gane. A danginmu, kamar gidajen Fulani da yawa a ƙasar Mubi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an tambaye ta ma ba ta cewa nata ne. Haka na ga mahaifiyata ta yi da babban yayanmu har ta rasu, ban kuma taɓa jin wani ya ce ba ta sonsa ba. To da na yaye yarinyar, sai yayar mijina da ke aure a Kwaja, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya ta ta tafi da ita. Na raka su bakin hanya ina murmushi, na dawo na shige ƙuryar ɗaki na yi abin da zan yi. Yarinya ta tashi tana ce wa goggonta Dada, wato uwa, ni kuma tana ce mini Adda, kamar wata yayarta. In ta zo hutu "ke" nake ce mata, in kuma zan yi maganarta da wani sai in ce "'yar Goggo".

Tana aji uku na sakandare mahaifinta ya rasu. Na ci gaba da riƙon ƙannenta da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita kuma mijin Goggo ya ɗauki nauyinta har ta gama. Mutumin kirki ne, tsohon dillalin shanu da kowa ya sani, sai dai a lokacin tsufa ya zaunar da shi, suna ya fi aljihu nauyi. Da yarinyar ta ci jarabawar shiga kwalejin koyon aikin jinya, duk muka yi murna a baki, amma kowa ya san a cikinsa ba mu da abin kai ta.

Ana cikin haka aka ce wata ƙungiya ta 'yan yankinmu masu aiki a birane tana ɗaukar nauyin ɗaliban da iyayensu maza suka rasu, kuɗin makaranta da na ɗakin kwana, har su gama. Ana cike takardar neman tallafin a kwamfuta, a buga ta, a haɗa da wasiƙar mai unguwa mai shaida rasuwar uba. Yarinyar ta sauko daga Kwaja ta sauka wurina, ta yi kwana biyu tana zirga-zirga tsakanin shagon kwamfuta na bakin kasuwa da gidan mai unguwarmu. Da ta gama sai ta kawo mini takardar in duba, don ta san tun da na yi ajin yaƙi da jahilci ba na barin rubutu ya wuce ni, ko na jikin kwalin magani ne.

Na goge hannuna da zani na karɓa. Turancina bai wuce na karanta allon asibiti ba, amma kalmar uwa na san ta. Na bi layi-layi da yatsa har na iso gurbin sunan mahaifiya, sai na ga sunan Goggo zaune a ciki. Yatsana ya tsaya a wurin. Ita kuma tana tsaye a kaina, ta ce a hankali, "Adda, akwai gyara?"

Yanzu in na tuna muryarta, na san so take in ce wani abu. A lokacin kuwa abin da na hango daban ne. In na ce a cire sunan matar da ta yi mata wanka da tsifa shekara goma sha bakwai a sa nawa, da wane ido zan kalli Goggo? Me dangi za su ce? Na miƙa mata takardar na ce, "Babu. Ya yi kyau. Allah ya sa a dace."

Bayan mako uku saƙo ya shigo wayarta, an ce an jingine takardarta, ta zo ranar Asabar da mahaifiyarta. Ta je ta bincika dalili, ta dawo fuska a bushe. Ashe ƙungiyar tana tura mutum ya bi gida-gida ya tabbatar da abin da aka rubuta. Nasu ya hau har Kwaja, ya tambayi gidan matar da aka sa a matsayin uwa, ya tarar da maigidan zaune ƙarƙashin mangwaro yana ɓare masara, lafiyarsa ƙalau. Ya tambaye shi ko yarinyar 'yarsa ce. Tsoho ya ce, "'Yata ce mana! Wa ya ce ba tawa ba ce?" Me kuma zai ce? A wurinmu wanda ya riƙi ɗa ba ya buɗe baki ya ce ɗan riƙo ne, abin kunya ne. To ga uba da ransa a Kwaja, ga wasiƙar mai unguwa a Mubi ta ce uba ya rasu. Kwamiti suka ɗauka marainiyar ƙarya ce.

Saura mako biyu a rufe rajista a kwalejin, in ta wuce kuma shi ke nan, an ba wani gurbinta. Wannan ya hana ni sukuni. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce yarinyar da ko ƙuli ɗaya ba ta taɓa ɗauka a ɓoye ba, ita ce ta kashe uba mai rai a takarda don abin duniya. Ba ta yi kuka ba. Ta kwaso tukwanen da na riga na wanke ta sake wanke su. Ni kuma na buɗe akwatina, na ɗaga zannuwa, na ciro katin asibitin da aka ba ni ranar da na haife ta, sannan na kira Goggo a waya na gaya mata.

Ta ce, "Amarya, kin ga takardar kafin a kai?" Shekara ashirin da aurena, ga 'ya'ya biyar, amma Amarya take ce mini. Na ce na gani. Ta ce, "Allah ya shirye ki. Ina zuwa."

A wata makarantar firamare kwamitin ya zauna. Mata cike da baranda, kowace da ɗanta ko 'yarta, da ambulan a hannu. Goggo ta iso a bayan akori-kura tare da buhunan masara, tana mitar hanya tun kafin ta sauko. Da aka kira mu aka ce uwa ɗaya ake shiga da ita, sai ta zauna a gindin taga daga waje. Tagar kuwa ba ta da murfi.

Mutum biyu ne a teburin malami. Akwai wani dattijo mai farin gemu, tsohon hedimasta, da wata matashiya 'yar Michika da kwamfuta a gabanta, ita ce mai rubuta komai. Muka zauna a bencin yara, gwiwoyina kusan a haɓata. Dattijon ya gaishe ni da Fulatanci, na amsa, hankalina ya ɗan kwanta. Sai matashiyar ta ɗago ta ce, "Mama, wannan yarinya mece ce a wurinki?"

Wallahi duk hanya ina maimaita amsar a zuciyata. Amma da na buɗe baki, abin da harshe ya saba shi ya fito. Na ce, "'Yar goggonta ce."

Matashiyar ta dubi dattijo, ta dubi yarinyar, ta ce, "To ai shi ke nan. Abin da mutuminmu ya samo a Kwaja ke nan." Ta jawo fayil ɗin za ta rufe. Na ji yarinyar ta ja numfashi a gefena. Ta sunkuyar da kai, ba ta ko dube ni ba.

Sai murya ta faɗo ta taga. "Amarya! La'ilaha illallahu! Tun sassafe nake kan buhu, ƙashin bayana ya kusa karyewa, don in zo in ji kin ce 'yar goggonta?" Kafin kowa ya yi magana ta zagayo ta shigo, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Matashiyar ta ce, "Hajiya, mutum ɗaya aka ce."

Goggo ta ce, "'Yata, ai mu biyun nan in an haɗa mu mutum ɗaya ne, shi ma da ƙyar. Rubuta. Ni na goya, ni na yi tsifa, ni na yi jinyar ƙyanda. Amma naƙuda ban san ta ba, ko a mafarki. Ga mai naƙudar nan zaune kamar an dasa ta. Uban yarinya ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a gabana ya cika. Tsohon da kuka gani a Kwaja kuwa mijina ne, shi ko akuyar maƙwabta kuka tambaye shi zai ce 'yarsa ce."

Dattijon ya yi dariya har ya cire tabarau. Na samu na miƙa katin asibiti da katin zaɓena. Matashiyar ta jera su, ta duba suna da suna, rana da rana, fuskarta ta ɗan saki. Amma ta ce, "Takarda ta yi. Saura bakin Mama. Yanzu a gabana ta ce 'yar wata ce, ba zan rubuta abin da ban ji ba. Mama, faɗi sunanta, ki ce ke kika haife ta." Ban ji haushinta ba. Aikinta take yi, kuma da irinta ake tsare haƙƙin marayun gaske.

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Gumi ya keto mini. Dattijon ya juya wurin matashiyar ya ce, "Bari in gaya miki, a zaman nan na ga iyayen haya. Uwar haya tun daga ƙofa take rattaba suna, har da na kakanni. Wadda kika ga suna ya shaƙe ta haka, 'yar fari ce a gabanta. Ni tawa uwar har ta koma ga Allah 'kai wannan' take ce mini."

Matashiyar ba ta ce a'a ba, amma ba ta taɓa kwamfutar ba. Sai yarinyar ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ta iya rubutu." Dattijon ya turo mini biro da farar takarda ya ce, "Madalla. In baki ya ƙi, hannu ya yi."

Na ɗauki biron. Na sha rubuta sunayen garuruwa a ajin yaƙi da jahilci, na rubuta na ƙannenta a bayan littattafansu, amma wannan sunan ban taɓa ba. Na yi harafin farko. Da na ɗaga ido sai na ga tana kallon bakin biron, hawaye na bin kumatunta, ita da ba ta yi kuka ba ranar da aka ɗauke ta maƙaryaciya. A nan na gane ko yanzu ma ita ce take nema mini mafita, ni babba, alhali karatunta ne a kan tebur. Na ajiye biron. Na kira sunanta cikakke, da na mahaifinta. Muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba. Na ce, "'Yata ce. Ni na haife ta, ranar Laraba da hantsi, ana ruwa."

Sai yarinyar ta ce, "Na'am," kamar daga tsakar gida na kira ta. Goggo ta ja bakin gyale ta share hanci ta ce, "To, ga shi dai rufin bai faɗo ba."

Matashiyar ta juyo da kwamfutar ta nuna mana. Ashe a ƙasan gurbin mahaifiya akwai wani gurbin na mai riƙo, yarinyar ta bar shi fayau, don a ganinta ba a riƙo take ba, a gidansu take. Aka sa sunana a sama, na Goggo a ƙasa. Goggo ta leƙa ta ce, "Ni ce a ƙasa? Ba komai, murhu ma a ƙasan tukunya yake."

Ba su ce an ɗauke ta ba, sun dai ce za a mayar da takardar cikin 'yan uwanta a duba. Muka yi ta jira. Ranar Alhamis da la'asar ina suyar ƙuli, ta shigo da gudu ko sallama babu, waya a hannu. Sunanta ya fito. Na sauke kaskon, na zauna dirshan a ƙasa. Ban yi guɗa ba, ban iya ba. Alhamdulillahi kawai nake ta faɗa, ina jin numfashina yana kaiwa har ƙasan ciki, abin da rabona da shi tun ranar da saƙon farko ya shigo. Ta yi rajista saura kwana biyu a rufe. Yau tana aiki a wani asibiti, takan zo mana da fararen kayanta ta auna mu ni da Goggo, ta yi mana faɗan gishiri.

Ban zubar da al'adarmu ba. Kara abu ne mai kyau, kuma riƙon da Goggo ta yi babu abin da zai biya shi. Amma na koyi cewa takarda ba ta san kara ba, abin da ka gaya mata shi take kaiwa gaba, kuma kunyar da za ta danne gaskiya a inda haƙƙin ɗa yake ta tashi daga ado ta koma cuta. Yaro kuma, komai hankalinsa da haƙurinsa, akwai ranar da yake bukatar uwarsa ta tsaya gaban mutane ta ce nata ne. Ni Allah ya rufa mini asiri, ranar ta same ni da sauran lokaci. Ba kowa ke samun haka ba.