Rigar Battar Kaka

Ni dai har yau in na matsa man goge baki a kan tsohon buroshi, battar Kaka ce ke fara faɗo mini a rai. Da shi take wanke ta, don a gidanmu na Landover a Amurka, hawa na uku, ina mutum zai samu toka?

Kaka ita ta haifi Babanmu. Jegon ƙanena ya kawo ta daga Kaduna, da niyyar ta koma, muka riƙe ta. A ƙasan akwatinta akwai wata battar azurfa da ba ta fi cikin tafi biyu ba. Marigayi mijinta ne ya dawo da ita daga yaƙin Burma. Kullum sai ta ƙara da cewa ba kwasowa ya yi ba. Bargonsa ya ba wani tsohon maƙeri da yaƙi ya raba da gida, tsohon kuwa ya nace sai ya karɓi battar.

Ku zo ku ga aiki! An bubbugo azurfar daga ciki har giwaye sun taso, ga ƙananan mutane masu huluna masu tsini suna rawa, ganye ya nannaɗe su. Mutanen can ganyen taunawarsu suke ajiyewa a ciki, Kaka kuwa goro. Lokacin sanyi, ƙanƙara ta rufe motoci, hitar ɗumama ɗaki na ta ƙara, sai in kwanta a cinyarta ina bin hancin giwa da yatsa. Baƙo bai zauna ba sai an buɗe masa battar nan.

Wata shekara Baffa, yayan Babanmu mai aikin gadi a garin Laurel, ya dawo daga aikin hajji. Aka miƙa masa goro, ya juya battar, ya ajiye.

"Inna, ki yi haƙuri, waɗannan fa gumaka ne. A kai a narka, a yi wa yarinyar nan zobba."

Yarinyar ni ce. Babanmu ya sunkuyar da kai, don ba ya ja da yayansa. Kaka ta gama tauna goronta tsaf, ta ce, "To, Alhaji sabo. Ka dawo ran Juma'a."

Ta aiki Mama ta sayo mata koren zare. Ta ɗauko kwarashinta ta zauna bakin taga, tana saƙa tana gwadawa. Ran Juma'a Baffa ya tarar da batta cikin riga, daga gindi har murfi, ko kunnen giwa ba a gani.

"Ga su nan," in ji Kaka. "Baƙin ubanka ne, sun zo ba sutura, na suturta su. Mu ba ma narka baƙo."

Mama ta tsere kicin tana danne dariya. Baffa ya miƙa hannu ya ɗauki goro.

Kaka ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Battar na wurina a garin Clinton, rigar ta koɗe, na ƙi sakewa. In na tuɓe ta zan wanke, yarana sukan taru suna tambaya da Turanci, ni kuma ina ba su labarin bargon da Hausa, ko sun so ko sun ƙi.

Baffa ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Da ƙaramar sallar bana na miƙa masa battar. Ya ɗauki goro, amma bai maido mini ba. Ina kallo ya zura babban yatsansa ƙarƙashin rigar, yana lalube a hankali, har ya tsaya.

"Wannan giwar ce tawa," ya ce, "tun ina yaro."