Ruwan lemo na Kawu

Shekarun baya, ina koyar da kimiyya a wani lise, wato makarantar sakandare, a Gure, inda ake kiran malami "mushe", wani abokina ya aiko mini da garin ciyawar teku daga Kwatano. Na karanta cewa sinadarin da ke cikinta yana karya dafin kurom, wani ƙarfe mai guba. Ruwan kurom mai kisa launinsa ruwan lemo ne. In garin ya ci ƙarfinsa sai ya koma kore, dafin ya ragu ƙwarai. Na haɗa kwalabe biyu a ɗakina don nuna wa ɗalibai, ɗaya na bar ta yadda take, ɗaya na zuba mata garin da ɗan tsami har ta juya kore.

A lokacin kawuna, makiyayi daga Kelle, yana wurinmu yana jinyar ciki. Ya tambaye ni abin da ke cikin kwalaben, ni kuwa da bakin malanta na ce, "Ciyawar teku ce, tana kashe dafi."

Ina cikin aji mahaifiyata ta kira salula. "Kawunka ya kurɓi maganinka, ga shi yana murɗe-murɗe."

Na ce ta ba shi wayar. "Kawu, wacce ka sha? Wane launi?"

"Mushe, kar ka yi mini ihu. Mai ruwan lemo."

Alli ya faɗi daga hannuna. Na san abin da wannan ruwa yake yi wa ƙoda. Na hau moto, rairayi yana riƙe taya, ina salati ina tunanin bakin da zan gaya wa mahaifiyata na kashe mata ƙane.

Na faɗa ɗaki. Kwalbar mai kisa cike take, ko murfinta ba a taɓa ba. Koriyar ce ta ragu.

"Kawu, wannan ai kore ce!"

Ya ɗago kai daga tabarma yana nishi. "To lemo fa? Kai a garkar wa ka taɓa ganin jan lemo?"

Lemon tsami yake nufi, wanda ya sani tun haihuwarsa. Muka kai shi asibiti, aka ƙara masa ruwa, ya tashi lafiya yana cewa maganin teku ba shi da albarka.

Har yau in na ce "ruwan lemo" a aji sai in tuna da Kawu. Nakan tsaya in tambayi ɗalibai, "Wane lemo kuke gani?" Rabinsu kore suke cewa.