Harba-ka-ruga

A kullen korona mu shida ne a ɗaki guda a unguwar Najma da ke Doha, ba fita, ba aiki, sai surutu. Ni kuwa bakina ba ya gajiya. Akwai wani ɗan Zangon Kumasi da ke gadon da ke saman nawa, shi ya ji na ambaci harba-ka-ruga ya leƙo. Shi kowa Massa yake kiransa.

"Massa, mene ne kuma wannan?"

Na gyara zama. Na ce bindiga ce ta talaka, maƙeran ƙauye ke haɗa ta da bututun ƙarfe da guntun katako. Sau ɗaya take tashi. Kafin ka sake ɗura mata albarushi wanda ka harba ya iso kanka, saboda haka in ka harba sai ka ranta a na kare. Har tashi na yi na kwatanta gudun tsakanin gadaje, suna ta dariya. Na ji daɗin kaina ranar.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, aka kai mu gadin ƙofa a filin wasa na Lusail, ni da shi. Kaki sabo, takalmi na sheƙi, aikina karɓe robar ruwa da abin yankan farce. Na ɗauki hoto na tura gida, na rubuta: jami'in tsaro.

Da azahar muna cin abinci yayana ya maido da nasa hoton. Ɓarayin daji sun matsa wa ƙauyenmu, an ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya ya tsare bakin gari. Gidanmu maza biyu ne, ɗaya yana Doha. Ga Yaya nan zaune a kan dutse, bindigar a cinyarsa. Ya rubuta: "Madalla ƙanena, mu ma muna namu tsaron."

Ɗan Zangon ya karɓi wayar ya ƙura ido.

"Ita ce wadda ka ba mu labari?"

Na ce ita ce.

"To wannan sandar da ke gefensa fa?"

Shan inna ya taɓa Yaya tun yana yaro, da sanda yake tafiya. Kunya ta rufe ni. Abokina ya miƙo mini wayar.

Shugaban aikinmu ya leƙo yana tafa hannu, yana gaggauta mu da Larabci: "Yalla, yalla!" Na tashi na koma tsare ƙofar wasu.