Atiku da Jar Saniyar Gwaggo Jidda

Atiku ƙanena ne, kuma duk Kalgo babu mai gyaran firji mai sanyin jiki kamarsa. In ka kai masa aiki sai ya zauna ya yi ta kallo, har ranka ya ɓaci. Ni kaina na sha yi masa faɗa a kan wannan hali.

Bara aka kira shi Dodoru, can ƙasar Gwandu, gidan Gwaggo Jidda mai kindirmo. Ɗanta Umaru ya haɗa mata firiza da sola da inbata, na'urar da ke ba firizar wuta daga sola, amma kullum inbatar sai ta yi ƙara ta ɗauke wuta, nono ya yi tsami. Masu gyara biyu sun ce inbatar ta yi ƙarama. Don a sayo babba, Umaru ya yanke shawarar kai jar saniyarta kasuwa, wadda ta gada wajen uwarta. Tsohuwa ta daina cin abinci.

Da Atiku ya isa, bai taɓa ko wayar wuta ba. Tabarma ya nema, ya zauna.

Can injin firizar ya tashi da gurnani. Gwaggo ta yi wuf ta kashe, ta shafa murfin, ta sake kunnawa nan take. Inbata ta ɗauke.

"Gwaggo, me ya sa kika kashe?" in ji Atiku.

"Nishi yake yi, ɗan nan. Dabba in ta yi nishi ai sauke mata kaya ake yi."

Bai yi dariya ba, ni kam da ni ne, da na fashe. Ya ce mata injin a wajen tashi yake jan wuta mai yawa, in kuma aka tashe shi bai huce ba, sai ya cije, inbata ta kasa ɗaukarsa. Nishin nan lafiyarsa ce, ta ƙyale shi. In kuwa ya mutu, ta jira kafin ta kunna.

"Har yaushe? Ba ni da agogo."

"Gwargwadon tatsar saniya ɗaya."

Tun ranar inbatar ba ta sake kuka ba. Atiku yana nan a rumfarsa yana kallon firji, ni kuma na rage faɗa.

Duk Juma'a ƙwaryar kindirmo mai sanyi tana zuwa daga Dodoru. Umaru ya ce in wuta ta ɗauke, Gwaggo ba ta yarda ta auna lokaci da wata saniya, sai jar.