Hannun Malam a Kwanon Ciyayya

A layinmu na Ketaren Gwari a Minna babu asibiti, amma likitoci kam Allah ya hore mana su. Uku ne, kuma kullum bayan sallar magariba suke buɗe aiki a kan tabarmar ƙofar gidanmu, inda kowa ke fito da kwanon tuwon gidansa a haɗa a ci tare. Akwai Alhaji mai kanti, wanda tun da ya je Makka ya dawo babu abin da bai sani ba, har abin da ke cikin jijiyar mutum. Akwai Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda duk ciwon duniya a wurinsa hannun maƙiya ne. Sai mai kemis na bakin titi, da ya samo farar riga a gwanjo ya rataya, shi ke nan ya zama dokta. Na huɗunsu a tabarmar mijina ne, Malam, tela a kasuwa, mutum mai sanyin hali wanda abinci ba ya wuce masa idan shi kaɗai ne. Ni kuwa ina koyarwa a firamare, kuma tagar ɗakina a kan tabarmar take, don haka duk karatunsu a kunnena suke yi.

A shekarun da ake bin layi kafin a sami madara da sabulu ne abin ya fara. Malam zai dawo daga kasuwa ya zauna yana murza tafin ƙafarsa, ya ce ji yake kamar kiyashi na yawo a ciki. Wata rana yatsun hannu ne, sai allura ta suɓuce masa bai sani ba. Wata rana ƙafar ce za ta saki yana cikin taka keken ɗinki, sai ya tsaya ya jira ta dawo. Abin da ya ba likitocin namu kasuwa shi ne ciwon ba ya zama. Ya zo ya kwana biyu, ya tafi kamar ba a yi ba, sai an manta ya sake dawowa.

Alhaji ne ya fara yanke hukunci. Basir ne, in ji shi, ya hau sama ya kama jijiya. Ya aiko da wani jiƙo mai ɗacin tsiya, Malam ya sha ya wuni yana zirga-zirgar bayan gida. Kwana uku ciwon ya lafa, Alhaji ya cika layi da cewa shi ya warkar da tela. Da abin ya dawo kuwa, sai ya ce ai matarsa ce ke zuba masa man gyaɗa a miya. Ni ke nan.

Baba ya ce a bar zancen basir, wannan an binne wa Malam abu ne a ƙofar shago ya tsallaka. Wa ya binne? Telan da ke kusa da shi mana, mutumin da suka shekara da shekaru suna aron almakashi. Aka kawo turare da rubutu, aka sa wanzami ya yi masa ƙaho a gadon baya, ya tara baƙin jini a ƙoƙo, Baba yana nunawa yana cewa ga mugun abin nan ya fito. Mai kemis ya saurare su yana murmushin masu ilimi, ya ce ƙarancin jini ne, ya dinga ɗirka wa Malam allura har zama ya gagare shi. Duk wanda maganinsa ya dace da ranar da ciwon ya tafi hutu, shi ne gwani a makon nan. Ba a taɓa jin ɗayansu ya ce bai sani ba.

Ni ma ina da tawa fahimtar. Na ce zaman keke ne ya danne masa jijiya, na kuma ce ya je asibiti a duba. Ya ce, "Malama, ki bari mu ga na Baba tukuna. Idan na tafi asibiti yanzu zai ce na raina shi."

Ana cikin haka sai kwanona ya fara dawowa da tuwo. Ni dai na san hannuna. Miyar kukata ba ta taɓa kwana ba, Alhajin nan har suɗe kwanon yake yi yana santi. Yanzu sai a shigo da shi an ɗan gutsuri gefe ɗaya kawai. Na ɗanɗana, gishiri daidai, daddawa daidai. Na tambayi Malam, ya ce kowa ya ƙoshi ne. Da na leƙa ta taga washegari sai na ga abin da ake ciki. Su ukun sun haɗa kai a kan kwanukansu, shi kuma an tura masa nasa can bakin tabarma, yana ci yana yi musu dariyar hirar da ba da shi ake yi ba. Da ya miƙa wa Baba hannu za su yi sallama, sai Baba ya dafe ƙirjinsa da hannu biyu wai girmamawa.

Wadda ta fasa mini ƙwan abokiyar aikina ce, wata malama 'yar kudancin Kaduna da ke haya a gidan da ke kallon namu. Muna dawowa daga makaranta ta ja ni gefe.

"Malama, kada ka yi fushi. Kai ba ka ji abin da suna fadi ba? Suna ce maigida naka yana da ciwo na Chanchaga."

A Minna ba sai an fassara wa kowa wannan ba. Can ne ake kai masu kuturta. Ashe Malam ya taɓa ƙonewa da dutsen guga a yatsa bai ji zafi sosai ba, ya kuma ba su labari da bakinsa, shi a ganinsa yana gaya wa 'yan'uwa ne. Su kuwa masana, da basir da sammu da ƙarancin jini suka ƙi ci, sai suka haɗu a kan amsa guda a karon farko, suka kuma rasa mai ƙarfin halin da zai faɗa masa a fuska. Shekara da shekaru suna cin tuwona, amma ba su ga ya cancanci ko tambaya ba.

Ranar na ƙi tuƙa tuwo. Na ce masa, "Malam, ka san abin da abokan naka ke faɗi a kanka?"

Ya sunkuyar da kai. Ya sani. Tun ranar farko ya sani. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, wai har kare su yake yi: "Suna da iyali, Malama. Ko ni ne zan ji tsoro." Sai ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ni dai loma ba ta shiga."

Da safe na sa shi gaba sai babban asibiti. Likitan ya sa ya cire riga, ya duba jikinsa kaf yana neman tabo, ya shafa masa auduga a hannu da ƙafa yana tambaya ko ya ji, ya lalubi gwiwar hannunsa. Ya ce abubuwa da yawa kan kawo irin wannan. Jijiya kan matse a wuya ko a baya, jiki kan rasa wani abin da yake samu daga abinci, giya kan jawo, wasu magunguna ma kan jawo, kuturta kuma tana ciki, amma bai ga alamarta ba. Sannan ya tambaya ko Malam na yawan jin ƙishirwa da yawan fitsari. Muka dubi juna. Buta ba ta hutawa a gidanmu, kuma wandunansa duk sun yi masa yawa, amma ba wanda ya kawo wannan cikin lissafi. Aka auna fitsari da jini, aka ce ciwon suga ne, ya daɗe yana cin jijiyoyinsa. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya rage shinkafa da tuwo mai yawa, ya bar kayan zaƙi, ya riƙe acca da wake da ganye, ya kuma kula da ƙafarsa kamar ƙwai.

Ban taɓa ganin wanda aka gaya wa yana da ciwon da ba ya warkewa ya fito yana fara'a irin ta Malam ba. Ko gida bai shiga ba, ya wuce kantin Alhaji da albishir. Da magariba ina jin su. Alhaji ya ce shi dama ya faɗa, ai basir da suga uwarsu ɗaya. Baba ya ce turarensa ne ya juya mugun abin ya koma ƙarami. Mai kemis ya ce ai jini ya ce, kuma ga shi a jini aka gani. Babu wanda ya ce Malam yi haƙuri. Suka matsa masa wuri a tsakiya, Alhaji ya tura masa kwanon tuwon shinkafa gabansa.

"Bismilla, Malam. Sa hannu mana! Ai mun zama ɗaya."

Ya ce likita ya hana. Suka yi masa ca. Wane likita? Yaron da aka haifa jiya? Loma biyu ba ta kisa, kuma ciwo ai na Allah ne. Ta haka suka ga za su wanke kansu, su nuna wa layi ba sa ƙyamarsa. Shi kuwa abin da ya yi watanni yana mafarki ke nan. Ya sa hannu.

Daga nan kwanona ya ci gaba da dawowa a cike, sai dai yanzu accar Malam ce, kuma shi ne bai taɓa ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi yaji na kwana biyu a gidan yayata da ke Shango. Na taɓa fita da mayafina na tsaya a kansu na ce su ji tsoron Allah, Alhaji ya ce wannan ita ce illar auren 'yar boko. Malam ya biyo ni ciki yana ba ni haƙuri, bakinsa na ƙanshin miyar gidan wani. Haka muka yi shekaru, yana shan ƙwaya da safe don ni, yana cin tuwo da fura mai sukari da dare don su.

Ƙusa ce ta shige masa tafin ƙafa a kasuwa, ya wuni da ita bai sani ba, sai da na ga jini a takalmi. Miki ya ƙi warkewa. Aka kwantar da shi, aka yanke masa yatsun ƙafa biyu.

Kwana biyu da aikin, da la'asar, ina zaune a bakin gadonsa sai na hango su a baranda, su uku cikin manyan riguna. Alhaji na riƙe da babbar kular abinci, mai kemis da ledar lemon kwalba. Na miƙe na tare ƙofa. Na ce wallahi babu mai shigo mini da wannan kayan, su koma da shi, abin da suka yi ya isa. Majinyatan ɗakin duk suka zuba mana ido. Ban taɓa jin daɗin bakina irin na ranar ba, ina da sauran magana cike da ciki.

Sai na ji muryarsa a bayana, ƙasa-ƙasa. Ya yunƙura ya tashi zaune, ya janye naɗaɗɗiyar ƙafar gefe don ya buɗa musu wuri a kan gadon, fuskarsa ta yi haske.

"Malama, bar su su shigo. Ki taimaka mana da ruwan wanke hannu."

Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Sannan na ɗauki buta na tafi famfo.